Kundin Aikin Kwamitocin Firamare Shida: Rajista, Asusu da Karatun Yara

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

An buɗe wannan kundi don bin aikin kwamitocin kula da makaranta, wato SBMC, na makarantun firamare guda shida da ke mazaɓa guda a yankin noman rani na Kadawa, kudu da birnin Kano. Masu rubutu su ne ƙaramin kwamitin aiki: tsofaffin hedimastoci biyu, jami'in tallafa wa malamai na shiyyar, da ma'ajin ɗaya daga cikin kwamitocin. Ba za a kira sunan makaranta ba. Za mu riƙa cewa ta bakin kasuwa, ta bakin titi, ta gefen kanal, ta ruga.

Zaman farko ya tafi ne wajen tantance wa ke riƙe da me, domin yawancin rigimar da ake yi da hedimasta a ƙauye a kan abin da ba ya hannunsa ake yin ta. Tun Dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004, gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na babban asusunta ga hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, UBEC. Jiha ba ta ɗaukar kasonta na gine-gine sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta, sannan hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB, ta kashe kuɗin ta hanyar kwangila. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, shi ya sa hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin bana kan ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya zama abin zance a ɗakin malamai. Tura malami da ɗauke shi kuma aikin ofishin sakataren ilimi ne.

Abin da ya rage wa kwamiti ba shi da yawa, amma shi ne na kullum: yara su zo, malami ya zo, a yi ƙananan gyare-gyare, a riƙe asusu da gaskiya. Kuma ba a ɗora wa ɗalibi haraji. Tun 2019 Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, a watan Yunin bana kuma gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk abin da gari zai bayar, gudummawa ce ta ganin dama.

Majalisar ilimi ta ƙasa ta amince da tsarin SBMC tun 2006, kuma duk makarantun shida suna da jerin sunayen mambobi a manne a ofis. Littafin bayanin taro kuwa a biyu kaɗai aka samu. A wata makarantar, kujerun mata biyu sunan matar shugaba da na ƙanwarsa aka cike, su kansu ba su san da zancen ba. Kujerun ɗalibai, namiji da mace, babu kowa a ko'ina. An ba kowace makaranta mako biyu ta cike guraben a bainar jama'a, bayan sallar Juma'a ga maza, a gidan mai unguwa ga mata.

Talata, 8 ga Oktoba, 2024

Ƙirgen kawuna. Mutum biyu ke shiga aji ba tare da sanarwa ba, ɗaya na kiran suna daga rajista, ɗaya na ƙirga masu amsawa. Ana yi sau biyu a yini, ƙarfe 9 da kuma bayan tara, a ranaku uku daban, ciki har da ranar kasuwa. Ƙirge guda ba ya nuna komai.

A aji 4 na makarantar gefen kanal, rajista na ɗauke da suna 94. Da safe 61 suka amsa, bayan tara 48. Da aka bi sauran gida-gida tare da mai unguwa, suka rabu gida huɗu: waɗanda ke gonar shinkafa suna korar jan-baki, 'yan mata masu talla da ke zuwa sai sun sayar, waɗanda aka kai almajiranci ko suka bar garin amma sunansu na hawa aji kowace shekara, da sunaye bakwai da aka rubuta sau biyu, Sani Musa a shafi na 1, Muhammad Sani Musa a shafi na 3, yaro ɗaya.

Dalilin kumburin rajista ba ɓoyayye ba ne. Alkaluman da ake cikewa a fom ɗin ƙidayar makarantu na shekara-shekara su ake dubawa wajen rabon littattafai, benci da malamai. Lokacin ciyar da 'yan aji 1 zuwa 3 ma da rajista ake lissafin kwano. Hedimastan da ya goge suna gani yake ya rage wa makarantarsa rabo, kuma ba ƙarya yake ba. Saboda haka ba mu ce a goge kowa ba. An buɗe shafi na biyu a bayan rajista mai layi uku: mai zuwa, mai zuwa jefi-jefi, wanda ba ya gari. Na ukun kaɗai za a cire a ƙarshen zango, da sa hannun mai unguwa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 2024

An gama gwajin karatu na 'yan aji 4 zuwa 6. Tsarin da aka bi shi ne na koyarwa daidai da matakin yaro, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, aka kuma gwada shi nan Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin bunƙasa karatu da lissafi na KaLMA. Ba jarrabawar takarda ba ce. Yaro ɗaya, mai gwaji ɗaya, a inuwa nesa da aji, minti 5 zuwa 7.

Kati guda ne mai sashe huɗu, duka da Hausa. Ana farawa daga sakin layi mai jimla huɗu. In yaro ya karanta shi tiryan-tiryan, kuskure bai wuce uku ba, a haye da shi labari. In ya kasa, a sauko kalmomi: ya zaɓi biyar, ya kawo huɗu daidai. In nan ma ya kasa, a sauko haruffa da wannan sharaɗin. Wanda bai kawo haruffa huɗu ba shi ne mafari. Lissafi ma haka: gane lamba 1 zuwa 9, sannan 10 zuwa 99, sannan ɗebewa mai aro, sannan rabawa.

Abubuwa uku suka ɓata ranar farko, duk wanda zai yi irin wannan aiki ya kiyaye su. Katunan da aka buga a shagon kwamfuta sun fito da akwati a wurin ɓ, ɗ da ƙ, saboda salon rubutun da ke na'urar bai san su ba. Sai da aka bi kati 60 da baƙin biro. Na biyu, kati iri ɗaya aka fara amfani da shi, kafin azahar yaran da ke layi sun haddace labarin daga bakin waɗanda suka fito. Yanzu iri uku ake juyawa. Na uku, malamin aji ba ya gwada ajinsa, don ko bai yi niyya ba leɓensa na motsi da amsar. An yi musayar malamai tsakanin makarantu.

Sakamakon: fiye da rabin yaran suna matakin mafari ko harafi. Masu karanta labari ba su kai ɗaya cikin goma ba. Akwai yaran da za su rera "ba, bi, bu, be, bo" babu gargada, amma in ka ɗora yatsa a kan "bu" ita kaɗai sai su yi tsit. Waƙar suka riƙe. Akwai kuma 'yan makarantar allo da ke fara kalma daga dama. Waɗannan ba su da wuyar sha'ani, sun riga sun san cewa baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti, alƙibla kawai za a juya musu.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 2024

Taron tsara aikin shekara a ƙofar gidan dagaci. An yarda tun farko ba za a kawo yaro a sa shi karatu gaban jama'a ba, tozarci ne. Kwanuka biyar aka jera a kan tabarma, kowane mataki da kwanonsa, kowane yaro ƙwayar masara ɗaya. Kwanon mafari ya yi tozo. Na labari kuwa, ƙwayoyin ba su ko rufe gindin kwanon ba, sai ƙara suke in an girgiza. Mutane suka daɗe suna leƙawa.

Kafin a fito da kwanukan, ra'ayin dattawa katanga ne da fenti, saboda dabbobi na ratsa makarantar bakin kasuwa kuma baƙo na ganin bango kafin komai. Wakiliyar mata ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi katangar, amma wannan kwanon da ya cika jikokinmu ne a ciki." Dagaci ya ce, "Hajiya, an ji. Malam, katangar nawa za ta ci?" Da magini ya lissafa bulo, siminti da yashi, sai ga shi ta haɗiye tallafin gyaran makaranta gaba ɗaya ba ta zagaye rabin fili ba. Aka koma shingen aduwa da ƙaya, aikin gayya.

Tallafin gyaran makaranta da ake jira kashi biyu zai zo, na biyun sai an duba yadda aka kashe na farko, kuma ana so gari ya sa nasa, kuɗi ko ƙarfi. Yadda aka raba na farkon: rabi ga rufin azuzuwa biyu na makarantar gefen kanal, kashi ɗaya cikin huɗu ga gyaran benci da allo, ragowar ga kayan karatu, wato kwali, maka, alli, littafin rubutu mai shafi 40 da fensir. Gudummawar gari kwano ɗaya na shanshera daga kowane gida, ga wanda ya ga dama, yanzu da ake tsakiyar kaka. In aka bari sai Janairu, an sayar.

Talata, 3 ga Disamba, 2024

Wata guda ya tafi a kan banki. Asusun makarantu uku ya kwanta saboda an daɗe ba a taɓa shi ba. A ɗaya, cikin masu sa hannu uku, shugaba ya rasu, hedimasta an ɗauke shi tun shekara biyu. Don canza su ana buƙatar takardar bayanin taron da aka zaɓi sababbi da sa hannun mahalarta, wasiƙar gabatarwa daga sakataren ilimi, hotuna, da lambobin BVN da NIN na kowa. A nan aka maƙale: ma'aji Muhammadu ne a BVN, Muhammad a NIN, shekarar haihuwa ma ta bambanta. Gyaran ya ci zuwa birni sau uku.

Darasin aiki: kafin a zaɓi mai sa hannu a fara duba takardunsa. Kuma kowane zango a zuba ko da kuɗi kaɗan ne a asusun don kada ya sake kwanciya. Ƙa'idar fitar da kuɗi: mutum biyu cikin uku, shugaba dole, babu sa hannu a kan cek ɗin da ba a cike ba. An yi fentin wani ɓangaren bangon ofis da baƙi, an ja layi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, saura.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

An fara zaman rukuni. Awa ɗaya da rabi na farkon yini, 'yan aji 4 zuwa 6 na barin azuzuwansu su koma rukuni uku: mafari da harafi, kalma, sai sakin layi da labari. Bayan haka kowa ya koma ajinsa a ci gaba da manhaja. Minti 45 karatu, 45 lissafi.

A rukunin ƙasa ba a kwafar komai daga allo. Malam ya ba da gajeren labari da baki, ya ciro kalma ɗaya, a ce "kifi", a fasa ta gaɓa-gaɓa, a nemo wasu kalmomi masu "ki". Yara biyar-biyar a tabarma da katunan gaɓoɓi suna haɗa kalma, suna rubutawa a ƙasa da alli ko a yashi da yatsa. Lissafi da sillen kara ake yi: goma-goma a ɗaure da roba, sauran a warwatse. Yaron da zai ɗebe 17 daga 42 dole ya kwance dami ɗaya da hannunsa, nan yake gane abin da ake nufi da aro. Kowane rukuni na buƙatar sille 100 ga yara biyar, kuma a ajiye su a buhu a rataye, don akuya da gara duk suna so.

Kuskuren mako na farko: an ba malamin da ya fi ƙwarewa rukunin sama, saboda ana ganin nan ne girma. An juya. Rukunin ƙasa shi ya fi yawa, shi ya fi wuya. Sannan manyan yara 'yan aji 6 sun ƙi zama da ƙannensu, wasu suka daina zuwa da safe. Aka daina kiran rukuni da mataki, aka sa musu sunan itatuwa, Kuka, Tsamiya, Gawo, aka kuma naɗa manyan su zama masu riƙe kati.

Rabon malamai shi ne ƙashin bayan matsalar. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Makarantar bakin titi na da malamai fiye da azuzuwanta, ta ruga na da uku ga aji shida. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin babur zuwa lungu na cin babban yanki na albashi, kowa na neman a bar shi kusa da kwalta. An rubuta wa sakataren ilimi wasiƙa ɗaya a madadin makarantun shida, da jadawalin ƙirgen kawuna a maƙale, ana neman a matsar da malamai biyu. Kafin amsa ta zo, matasa uku masu takardar shaidar malanta ta NCE a garin na taimakawa, alawus ɗinsu daga kuɗin shanshera. An rubuta a takarda, an karanta musu gaban shaidu, cewa wannan ba alkawarin ɗaukar aiki ba ne.

Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025

Tumatir ya nuna, motoci na lodi a Kwanar Gafan, azuzuwa sun rame. Yaro na samun kuɗin hannu a tsinka da ɗaukar kwando, wa'azi ba ya hana wannan. Abin da aka iya shi ne yarjejeniya da masu gonaki ta bakin sarkin noma: ba a ɗaukar ɗan makaranta aiki kafin ƙarfe 10. Tunda zaman rukuni na farkon yini ne, ko yaro ya sulale bayan tara ya riga ya sami abin da ya fi buƙata. Wasu malamai na ganin an halasta gudu. Muna ganin rabin yini da aka tabbatar ya fi cikakken yini a rajista.

Rufi: kowane aji mita 8 ne da 7. Azuzuwa biyu da baranda sun ci kwano bandir 8, kowane bandir falle 20, an sayo a Ƙofar Ruwa. Kafinta ya so a ɗora sabon kwano a kan tsohon katako don a rage kuɗi. Da aka soka ƙusa a rafta uku, ta shige kamar a tuwo, gara ta cinye ciki ta bar fata. An sauke duka. Sabon katako, 2x4 na rafta da 2x2 na kwanciyar kwano, an shafe shi da maganin gara ya sha kwana biyu kafin a hau da shi. Wannan ya ci kuɗin benci. Za a zauna a tabarma zuwa kashi na biyu.

Laraba, 26 ga Fabrairu, 2025

Gwaji na biyu kafin hutu, azumi na kamawa farkon Maris. Rukunin mafari ya ragu sosai, yawanci sun haye harafi da kalma. Daga kalma zuwa sakin layi kuwa tafiyar hawainiya ake yi, saboda babu abin karantawa. An sa malamai kowa ya rubuta labarai biyar masu jimla 8 zuwa 10 a kwali, yara su tafi da su gida.

Talata, 15 ga Afrilu, 2025

An dawo. Waɗanda suka tsaya a harafi kafin hutu da dama sun zame, waɗanda suka kai kalma sun riƙe. Daga yanzu duk rukunin da ke harafi a makonni biyun ƙarshen zango za a ƙara masa lokaci, a tura shi ya haye kafin a rufe. Malami ɗaya cikin biyun da aka nema ya iso makarantar ruga. Gari ya ba shi ɗaki.

Talata, 20 ga Mayu, 2025

Hadarin farko ya taso daga gabas da dare. Sabon rufi ya tsaya. Na makarantar bakin kasuwa, wanda ba ya cikin tsarin bana, ya tashi ɗungurungum ya sauka a gonar maƙwabta. Bambancin a ɗauri yake. A sabon, kowane rafta an ɗaure shi da siririn rodi da aka binne a cikin bim, an sa katakon baki ya rufe gefe, ƙusa mai hula a kan tudun kwano ba a kwarinsa ba, an kuma gyara tagogin gabas. Tsohon rufin a ɗore kawai yake a kan bulo, tagogi babu murfi. Iska ta shiga ta taga, ta rasa mafita, ta ɗaga shi daga ciki. Duk makarantar da ba ta da kuɗin rufi, ta fara da tagogi da ɗauri, su ne masu araha.

An tattara kwanon da bai lanƙwashe ba, falle 70 da 'yan kai, an kulle a gidan mai unguwa tun da asuba kafin ya yi ƙafa. An ɗauki hoto an kai rahoto ofishin ilimi, domin wannan ya fi ƙarfin kwamiti. Aji 2 da 3 sun koma gindin darbejiya.

An kuma haɗa takardun kashi na farko. Rasit na kwano da ƙusa babu matsala. Matsalar masu aikin hannu ce, kafinta da mai kura ba su da rasit. An yi musu baucha: suna, aiki, kuɗi, rana, dangwalen yatsa, da shaidu biyu waɗanda ba masu sa hannu a banki ba. An sami giɓi kaɗan tsakanin littafi da banki, aka bi layi-layi, ashe cajin banki da kuɗin mai POS ne ba a rubuta ba. An ƙara musu layi a bangon ofis.

Laraba, 2 ga Yuli, 2025

Gwaji na uku. An sake jera kwanuka biyar a ƙofar gidan dagaci. Na mafari ya koma ƙasa da rabin yadda yake a Nuwamba, na kalma ne ya yi tozo yanzu, na labari ya rufe gindi. Makarantar ruga ce ta fi motsawa duk da ƙarancin malamai, kuma littafin zuwan malamai ya nuna dalili: a can ba a fasa zaman rukuni ba sai kwana huɗu duk zangon. A ta bakin titi an fasa fiye da sau ashirin, yau taro, gobe zuwa tantancewa, jibi biki. Lissafi na baya da karatu a ko'ina, musamman rabawa.

An rubuta sunayen 'yan aji 6 da za su fita suna matakin kalma ko ƙasa, za a miƙa wa shugaban ƙaramar sakandaren da za ta karɓe su, don ya san da su tun makon farko. An cire suna 23 daga rajistar gefen kanal da sa hannun mai unguwa, kuma da wannan sabon adadi za a cike fom ɗin ƙidaya mai zuwa. Hedimastan bai ji daɗi ba, ya nemi a rubuta a littafin taro cewa shawarar kwamiti ce, an rubuta.

Kashi na biyu na tallafi bai shigo ba, masu dubawa ba su zo ba tukuna. Benci 40 na jiran sa a shagon kafinta, an ba da kafin alƙalami daga ragowar kuɗin shanshera. Dashen darbejiya 60 a gabashin makarantu biyu ranar Asabar, in an sami ruwa.